Daga Jim Zuwa Tsakar Gida: Yadda Na Rage Ƙugu a Nima

Tela ya riga likita sanin wanda tumbinsa ke tasowa a unguwa. A shagona da ke Nima, wata unguwa a birnin Akra na Ghana, ina da littafin awo, kuma duk wanda ya saba kawo mini ɗinkin sallah yana da shafinsa. Kafaɗa ba ta canzawa, tsawon wando ba ya canzawa, amma layin ƙugu kullum sai na soke na sake rubutawa: 34 ya koma 36, bayan sallah biyu ya zama 38. Mutum ya rantse yadin ne ya tsuke a wanki, ni kuma in yi shiru in ƙara masa inci. Nawa ƙugun ya kai 41, abin da zaman keken ɗinki daga safe zuwa dare da kwanon wake da shinkafa na kowace hantsi suka haɗu suka haifar.

Hawan jini ne ya tayar da ni daga kan kujera. Matasan unguwa sun shirya gwajin lafiya kyauta a harabar masallaci, na miƙa hannu don kada a ce na ƙi, sai ga 158 bisa 98. Nas ɗin ta dube ni ta ce, "Baba, awo ɗaya ba ya yanke hukunci, amma kada mako ya fita ba ka je asibiti ba." Na ɗauki katin inshorar lafiya na tafi. Aka sake aunawa a ranaku daban-daban, lambar ba ta sauko ƙasa da 140 bisa 90 ba, wanda shi ne iyakar da ake fara kiran abin hawan jini. Likita ya rubuta magani, sannan ya yi mini lissafin da na fi ganewa: ƙugun mutum bai kamata ya wuce rabin tsayinsa ba. Tsayina inci 68 ne, ke nan 34 ne hakkina, sauran bakwai ɗin kuwa bashi ne da na ci. Ya ce ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, ya kuma ware aƙalla kwana biyu a mako don aikin ƙarfafa tsoka. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada in riƙe numfashi in yi yunƙurin ɗaga abu mai nauyi, domin hakan na cilla jini sama nan take, kuma in na ji ciwon ƙirji ko jiri, in dakata in dawo wurinsa.

Wurin da na fara leƙawa shi ne mafi kusa. A bayan layinmu, dab da babbar kwata, akwai ɗan fili da samari suka kewaye da kwanon rufi suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikinsu duk ƙirar gida ne: siminti da aka zuba a bokitin fenti aka soka bututun ƙarfe ya daskare a ciki, tsofaffin ƙarafan birkin manyan motoci da aka jera a jikin sanda, da bencin katako da gumi ya mayar baƙi. Abin da ake biya bai taka kara ya karya ba. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, "Kawu, bismillah, ga wuri," har wani ya goge mini benci da rigarsa. Ba zan raina wurin nan ba, domin ya raba samari da yawa da zaman banza, kuma ruwa ko rana ba sa fashi. Amma ba a yi shi don irina ba. Babu ƙarfen da aka rubuta nauyinsa, mafi ƙanƙantar cikinsu ya fi ƙarfina, kuma salon ɗagawarsu shi ne daidai abin da likita ya hana: a cika baki da iska, a runtse ido, jijiyar wuya ta miƙe, abokai na ihun "saura ɗaya!" Ƙirji da damtse suke nema, ƙafa kuwa ko oho. Wani ya raɗa mini cewa akwai allurar da ke sa jiki ya buɗe da wuri. Irin waɗannan allurai suna ƙara hawan jini, suna kuma taɓa hanta da zuciya, don haka na yi musu godiya na kama gabana.

Daga nan na nufi jim, wato gidan motsa jiki na zamani, irin mai madubi da na'urar sanyaya ɗaki, a kan hanyar unguwar Osu. Rajistar ba ta da wuya. Aka ba ni takarda na cike: shekaru, ko ina shan wani magani, ko an taɓa yi mini tiyata, lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Aka ɗora ni a sikeli, aka auna tsayi. Akwai kuɗin rana, akwai na wata, akwai na wata uku mai ɗan rangwame, koci na musamman kuma kuɗinsa daban. Na zaɓi na wata na tura ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuma da na ga saƙon cire kuɗin sai da na lissafa kaftani nawa zan ɗinka kafin in mayar da gurbinsa.

Sa'ar da na yi ita ce kocin da ke zagaya falon. Ɗan ƙabilar Ga ne daga Bukom, unguwar da ta fitar da zakarun dambe su Azumah Nelson da Ike Quartey, kuma shi ma ya taɓa dambe kafin ya bari. Alhaji yake kirana, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba. A Akra hula da jallabiya sun isa a ba ka wannan muƙami. Ranar farko bai bar ni na taɓa ƙarfe ba. Ya jawo benci ya ce in zauna in tashi ba tare da na dafa gwiwa ba. Na zauna, na tashi. Ya ce in sake, amma a hankali, in fara tura ɗuwawu baya kamar mai neman kujera a duhu, dugadugai manne da ƙasa, ƙirji a sama. Kafin in kai na goma cinyoyina na rawa. Ya tsugunna ya taɓa gwiwata ta hagu da yatsa ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Shigewa ciki take yi duk lokacin da za ka tashi. Tura ta waje ta bi saitin yatsun ƙafa." Shekara da shekaru ina tashi daga kujera, ban taɓa sanin gwiwata na yin haka ba, kuma babu bidiyon YouTube da zai iya ganin gwiwata ya gaya mini.

Abin da na kwaso a wurinsa bai da yawa, amma shi ne jarin da nake ci har yau. A fara da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma kafin a taɓa nauyi. Motsi kala huɗu ne ginshiƙi: tsugunnawa da tashi, tura abu gaba, jawo abu zuwa jiki, da ɗaga abu daga ƙasa da ƙarfin ƙugu ba da gadon baya ba. Kowane motsi a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta kamar minti ɗaya, a sake, har zagaye biyu ko uku. A fitar da numfashi lokacin yunƙuri, a shaƙa lokacin sassautawa. In sau 12 ya zama wasa, a ƙara nauyi kaɗan, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai an riƙa ɗora mata abin da ya ɗan fi wanda ta saba. Kuma tsokar da ta sha aiki yau a bar ta ta kwana biyu kafin a koma mata. Tsamin jikin da ke zuwa washegari ko jibi, wanda ya sa na riƙa yin ruku'u da dabara a makon farko, ya ce ba ciwo ba ne, zai wuce; wanda ake tsoro shi ne zafi mai suka a cikin gaɓa.

Shi ne kuma ya raba ni da maganar da ta cika gari, cewa motsin ciki ne ke narkar da tumbi. Ko sau ɗari ka kwanta ka tashi, tsokar ciki ce za ta yi ƙarfi a ƙarƙashin kitsen, kitsen kuwa daga duk jiki yake raguwa in abin da kake ƙonawa ya fi abin da kake ci. Masu ɗaura leda ko ɗamara a ciki don su yi gumi, ruwa kawai suke zubarwa, da sun sha fiya-wata biyu ya dawo.

To me ya raba ni da jim ɗin? Hanya ce, kafin komai. Nima zuwa Osu ba nisa ba ne a ido, amma da yamma, lokacin da duk Akra ta taso daga aiki, trotro, ƙaramar bas ɗin haya, na iya cinye maka lokacin da ya fi na motsa jikin kansa. A garin nan rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, don haka in na rufe shago da biyar, magariba a hanya take riskata ko a kan injin gudu. Sai in nemi lungu kusa da ɗakin canza kaya in shimfiɗa tawul, kiɗa na dukan bango. Ga cakuɗuwar maza da mata cikin kayan da ba su yi wa tarbiyyarmu daɗi ba. Mutum ya iya kame idonsa, amma ba wurin da zan ce wa mai ɗakina ta biyo ni ba ne. Sannan ga sana'ata. Da azumi ya kama, tela ba shi da yamma, ba shi da dare. Kuɗin wata kuwa ba ya jiran kowa, ka je ko kada ka je, ranar ƙarewarsa na nan.

A sana'armu yaro yakan yi shekaru a gaban mastansa yana koyon yanka da haɗi, ranar da aka yaye shi sai ya sayi kekensa ya buɗe nasa wurin. Haka na ɗauki zamana a jim. Da na ga hannuna ya faɗa, sai na yi wa koci sallama na koma gida da abin da na koya.

Gidan kuwa gidan haya ne na mutane da yawa, ciki da falo muke da shi, tsakar gida ta kowa ce. Falon in an ja tebur gefe yana ɗaukar tabarma ɗaya, amma zafin da ke ciki, musamman in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, ba ya barin mutum ya yi minti goma. Dole na fito waje. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da an sallame sallar asuba, kafin layin banɗaki ya fara tsawo, kafin mata su fito da murhu da kwanukan wanki. Kwanakin farko sai da na daure wa idon jama'a. Hajiya mai gidan ta leƙo ta taga ta ce, "Tela, lafiya dai? Ko soja za ka shiga da tsufanka?" Na ce, "Hajiya, likita ne ya ɗora mini." Ta ce, "To Allah ya ba da lafiya, amma ka kula mini da siminti." Yara suka mayar da ni abin kallo, suna tsugunnawa suna tashi a bayana suna dariya. Bayan 'yan makonni kowa ya gaji ya koma harkarsa.

Kayan aiki ban sayi komai ba sai igiyar roba mai talewa da na samu a kasuwa. Sauran duk suna cikin gida tun da. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wannan shi ne sirrin. Galan ɗin Kufuor mai ruwan ɗorawa da muke tara ruwa a ciki lita 25 yake ɗauka, don haka in na cika shi rabi ina da kilo goma sha biyu da ɗoriya, in ina son ƙari sai in zuba kofi biyu ko uku. A jim ƙarafan tsalle suke yi daga wannan nauyi zuwa wancan, galan kuwa yana ba ka damar ƙarawa kaɗan-kaɗan yadda kake so. Jakar fiya-wata mai ƙulli 30, kowane rabin lita, kilo 15 ce cif; ita nake rungumewa a ƙirji in yi tsugunna-tashi. Turawa kuwa da jikin bango na fara, na koma dafa dakalin ƙofa, daga baya na sauka ƙasa. Ruwan da ke cikin galan yana kaɗawa in bai cika ba, sai ka ji duk tsokar ciki da ta baya ta ɗaure don ta riƙe ka, abin da ƙarfen jim ba ya yi.

Gida na da nasa cikas, kuma ba ƙarami ba ne. Babu wanda ke jiranka. A jim kuɗin da ka biya na tsikarar ka, ganin wani na gumi a gefenka na hana ka tsayawa a na takwas. A tsakar gida kai ne koci kai ne ɗalibi, kuma katifa na nan taku biyar daga inda kake. Abin da ya taimake ni shi ne ban bar wa zuciya zaɓi ba: tun da dare nake ajiye takalmi da galan a bakin ƙofa, in na dawo masallaci ba na shiga ɗaki, domin in na shiga an gama. Na kuma buɗe shafi a bayan wani tsohon littafi ina rubuta abin da na ɗaga da sau nawa, don kada in yi wata uku ina maimaita abu ɗaya ina zaton ci gaba nake yi. Jawo abu zuwa jiki shi ne motsin da ya fi wuyar samu a gida. Nakan ɗaura robar a ƙarfen taga in ja, ko in dafa benci in jawo galan da hannu ɗaya, amma bai kai injin jim ba, kuma ga tela mai wuni a duƙe wannan motsin ne bayansa ya fi buƙata.

Minti 150 ɗin nan kuwa ba a jim na same su ba, ba kuma a tsakar gida ba, a titi ne. Sai dai tafiyar motsa jiki a cikin zango, unguwa irin tamu ta Nima, aiki ne. Ba ka taku ashirin sai ka haɗu da wanda za ka tsaya ku gaisa, ya gida, ya iyali, ya mai jiki, yaushe zan zo karɓar ɗinkina. Kafin ka fita layi zufar ta bushe. Don haka nakan yi sauri in fice daga unguwa in kama titin Kanda, in wuce ta gaban babban Masallacin Ƙasa da Turkawa suka taimaka aka gina aka buɗe a 2021, in zagaya wajen filin Kawukudi inda 'yan ƙwallo da ƙungiyoyin motsa jiki ke taruwa, in dawo. Ma'aunin saurin mai sauƙi ne: ka iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba. Rabin awa a rana, kwana biyar a mako, lissafi ya cika. Wasu Asabar ɗin mukan haɗa mota da abokai mu tafi Ayi Mensah, mu bi ayarin masu hawa dutsen hanyar Aburi da ƙafa har Peduase. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin yawan jama'a da sassafe, tsofaffi da matasa, masu hijabi da masu gajeren wando. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda wasu ke saukowa su zarce wurin dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi su mayar da duk abin da suka ƙona, har da riba.

Ni ma a kwano aka fi yin yaƙin. Ban bar wake da shinkafa ba, ɗan Nima ba ya wannan alkawari, amma na rage taliya da gari da ake tulawa a kai, na ce a sassauta shito, soyayyen yajin nan mai mai, na ƙara ganye da ƙwai. Kokon safe na rage masa sukari, shayin attaya na dare na koma kofi ɗaya. Gishiri shi ne babban abokin gabar mai hawan jini. Ƙa'idar ita ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen magi da ke cikin miya yana cikin lissafin. Wannan sai da haɗin kan mai ɗakina, ita kuwa ta ba da shi fiye da yadda na roƙa. Ita da ba za ta taɓa taka jim ba, yanzu in yara sun tafi makaranta takan rufe falo ta yi nata tsugunna-tashin da robar, wasu matan gidan biyu sun fara shigowa suna yi tare. Wannan ribar ba ta cikin lissafina lokacin da na dawo gida.

Da azumi ya zagayo ban daina ba, ragewa na yi. Tafiya ta koma bayan tarawi, galan kuma sau biyu a mako bayan an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa. Lokacin damina, musamman watan Yuni da ruwa ke cika kwatocin Akra, da lokacin hunturu da ƙura ke shaƙe maƙogwaro, nan ne nake tuna injin gudu na jim da kewa, domin shi ruwa da ƙura ba su dame shi ba.

Yanzu ƙuguna na kan 37, da sauran tafiya kafin 34. Awon jini ya dawo ƙasa da 140 bisa 90, da magani da motsa jiki tare. Maganin ban ajiye ba, kuma wanda ya ce maka gumi na maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta, kada ka saurare shi. In abokin ciniki ya tambaye ni wanne ya fi, jim ko gida, nakan tambaye shi abu biyu: ka iya motsin, kuma minti nawa ne daga ƙofarka zuwa jim ɗin? Wanda bai taɓa yi ba, ko yake da ciwon gwiwa ko baya, ya biya wata ɗaya ko biyu ya samu mai duba shi, kuɗin ba asara ba ne. Wanda jim ke kan hanyarsa ta aiki, aljihunsa kuma ya ɗauka, ya zauna abinsa, kayan can sun fi. Irina kuwa, mai shago da sallah biyar da trotro a tsakani, tsakar gida da titin Kanda ne suka ɗore. Jefi-jefi nakan biya kuɗin rana ɗaya in koma wurin koci ya duba ko gwiwar ta koma halinta. A zuwan da na yi na baya ya ce lokaci ya yi da zan samu sandar lilo da zan riƙa rataya ina jan jikina sama, na kuma yi magana da wani mai walda a unguwar Mamobi ya ce zai haɗa mini. Abin da ya rage shi ne shawo kan Hajiya ta yarda a huda mata bango.